Takardar Kanar Fahad

Karo na huɗu ke nan Mahfuza ke turo keken Kanar Fahad asibitin sojoji. Sojan da ke ƙofa ya karɓi katin tsohon, ya duba, ya ɗaga musu hannu. Ita ko kallo ba ta ishe shi ba. Mai tura keke ba a tambayarta kati, hakan kuwa ya yi mata, don bizarta ta mutu shekara biyu da suka wuce.

Kanar tsohon soja ne, Balarabe ɗan ƙasar, shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana. 'Ya'yansa suna Abu Dhabi, sai Juma'a suke leƙo gidan na unguwar Al Khabaisi. Wanka, abinci, magani, duk suna wuyan Mahfuza, 'yar Gwammaja ta Kano. A gaban likita ma ita ce bakinsa. Abin da ta ce yana damunsa shi ake rubutawa.

A tsarin asibitin, ba ka ganin babban likita sai ƙaramin ya rubuta maka takarda. Ƙaramin kuwa Dakta Bashar ne, mutumin da ke riƙe da takardar nan kamar gadon ubansa. Idonsa ba ya barin kwamfuta. Kana cikin bayani ya riga ya danna kiran na bayanka.

Zuwan farko Mahfuza ta harhaɗa guntun Larabcinta ta ce ciwon kwiɓi ne, da zufa, da fitsari ja kamar zoɓo. Ya miƙo hannu ya latsa cikin Kanar, Kanar ko gezau. Likitan ya rubuta fanadol, ya ce a yawaita shan ruwa, khalas, wato shi ke nan.

Zuwa na biyu aka ɗebi jinin tsohon, sakamako ya fito tas. Na uku, da ta ƙi tashi daga kujera, ya ja tsaki ya rubuta ƙwayar da za a sha tsawon kwana goma. Aka shanye ta kaf, ko ɗaya ba a tsallake ba. Ciwon ya ƙaru.

Tsoro ya fara cin Mahfuza sosai. Ta kira Edith, 'yar Kafanchan da suka taɓa zama ɗaki ɗaya a unguwar Al Ras, wadda yanzu take shara a wani kantin magani.

"Wasa da rai kike yi, Mahfuza," in ji Edith. "Ki faɗa wa 'ya'yansa gaskiya."

"In faɗa musu su sallame ni? Ai kin san inda zan ƙare."

Edith ta ce, "To, likitocin nan ba sa jin baki. Ki kai wa likitan abin ya gani da idonsa."

Shi ya sa yau akwai wata 'yar kwalba a jakarta, naɗe cikin leda biyu. Barandar asibitin ta yi mata tsawo. Kanar ya ƙara ƙiba a watannin nan, tura shi ya zama aiki, har sau biyu tana tsayawa ta jingina da keken. Shi kuwa ya karkato da wuya yana kallonta. Tun safe yake mata wannan kallon.

Dakta Bashar bai ɗago ba. "Kanar Fahad kuma? Jininsa ƙalau, hawan jininsa ya fi nawa kyau. Me kike so in yi?"

Ta kwance ledar, ta dire kwalbar a gabansa, daidai kan madannan kwamfutar.

Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya fasa. Ya ɗaga kwalbar saitin fitila, ya juya ta. Karon farko cikin wata biyu ya dubi fuskar Mahfuza. Ya kira nas ya ce a kai ɗakin gwaji yanzu, kuma kada su tafi.

Awa uku suka yi a benci. Sanyin na'ura yana kaɗa kowa, ita zufa take yi. Kanar ya ci dabinonsa bakwai, ya sha madara, ya yi gyangyaɗi.

Da aka sake kiransu, likitan da kansa ya rufe ƙofa. Ya zauna ya cire tabarau.

"Abin ya ɗaure mini kai, don jikinsa bai nuna ba," ya ce. "Amma gwaji ba ya ƙarya. Ga takardar babban likita. Gobe ƙarfe bakwai za a kwantar da shi, wataƙila a yi masa aiki."

Mahfuza ta ce, "Dakta, babu maganin da za a sha a gida? Ko mai ƙarfi ne, ka rubuta."

"Wannan ya wuce ƙwaya. In aka ƙara wata guda, sai dai addu'a." Ya buga hatimi, ya miƙo mata. "Ki yafe ni, ban saurare ki da wuri ba. Nacinki ne ya ceci ransa."

Ta turo keken waje, ta tsaya a inuwar wata bishiya inda tasi ke ɗaukar mutane. Ta buɗe takardar da ta yi wata biyu tana roƙo. Sunan Kanar ne a sama, da lambarsa ta soja, da hotonsa. Babu wanda za a kwantar da wannan takardar sai shi.

Tsohon ya miƙo hannunsa mai lafiyar ya damƙe wuyan hannunta, hawaye na bin gemunsa. Shi kaɗai ya ga sanda ta bar shi a falo da safe ta shige banɗaki da kwalbar, shi kaɗai ya san fitsarin nata ne.