Wanda Ke Biye da Mai Faci

Kwana tara ke nan Mai Faci yana kan keke, kwana tara kuma wani mai shuɗiyar riga yana biye da shi a kan nasa keken.

Ba ya matsowa, ba ya kuma yarda a ɓace masa. In Mai Faci ya tsaya shan ruwa, sai shi ma ya sauke ƙafa can nesa, ya yi kamar yana duba birki. Ɓarawon keke ne, ko tantama babu. Wanda ke gyaran kekuna a bakin kasuwa ya san irinsu, sun fi kyanwa haƙuri a bakin rami.

To amma Mai Faci ba shi da lokacin ɓarawo. Akwai wasiƙa a aljihunsa, ta yi laushi, tawadar ta koɗe. A ciki an ce matarsa watanta ya tsaya, cikin fari ne, ƙafafunta sun kumbura, ba ta da magana sai kiran sunansa. Ya rufe rumfa ya kama hanya, bai ko bi ta tasha ba. Mota sai ta cika take tashi, keke kuwa da mutum ɗaya ya cika.

Kullum da sassafe zai matsa taya da babban yatsa, ya ɗiga wa sarƙa mai, ya ɗaure galan ɗin ruwa a kariyar bayan keken. Sai tafiya har rana ta take, sannan ya faɗi a duk inuwar da ta samu. Cinyoyinsa sun saluɓe, ya naɗe sirdin da tsohon tawul. Gwiwoyinsa kuwa tun rana ta biyu suka fara yi masa tawaye, shi da ke hawan tudu da buhu biyu ba ya ko haki. Ita ma hanyar ta raina shi: inda ya san turɓaya sai ya ga kwalta, inda ya san daji sai ya ga gidaje.

Mutanen hanya dai suna da kirki, har ya yi yawa. Duk inda ya tsaya, kafin ya buɗe baki an miƙo masa ruwa da burodi. Wani mai shayi har da cewa, "Baba, zauna ka huta mana."

"Ka yi gaggawar ba ni sunan," in ji Mai Faci. "Bari in isa tukuna."

Mai shayin bai yi dariya ba. Ya dai waiwaya ya dubi hanya, ya ƙara masa madara.

A rana ta shida tayar baya ta fashe, ga gam ya ƙare. Ya tura keken har wata rumfar kafinta, ya zauna ya yi kuka kamar yaro, barci ya kwashe shi. Da gari ya waye sai ya tarar da taya cike da iska. Ya zaro tif ɗin ya duba. An yanka facin kamar ganye, an fiƙe gefensa da reza har ya yi siriri, yadda ba zai taɓa ɗagowa ba. Yankansa ne sak, kuma shi bai tuna ya taɓa koya wa kowa ba. Tsoro ya kama shi. Wato ɓarawon kiwon keken yake yi, sai ya yi ƙiba ya yanka.

Daga ranar ya daina hutun rana. In ya tsaya, muryar matarsa yake ji.

A rana ta tara, a tsakiyar wani tudu mai tsakuwa, sarƙa ta tsinke. Ya faɗi, gwiwar hannunsa ta fashe. Ya rarrafa ya rungume keken, yana jin ƙarar tayar wancan tana matsowa, har ta tsaya a kansa.

"Don Allah, bawan Allah," ya ce. "Ga riga, ga takalmi, ɗauki duka. Ka bar mini keken. Matata ce za ta haihu, ba ta da kowa sai ni."

Mutumin ya sauko daga kekensa. Ya durƙusa ya wanke masa ciwon da ruwan gorarsa, ya ɗaure da hankici. Sannan ya ciro ƙusa da 'yar guduma, ya cire ƙwayar da ta karye, ya haɗa sarƙar, ya juya feda ya kasa kunne. Haka Mai Faci yake yi, da kunne yake gwada aiki.

"Hau," in ji mutumin a hankali. "Saura kaɗan."

Kunya ta rufe Mai Faci. "Ka yafe mini, na yi maka mummunan zato. In namiji ta haifa, Allah Ya ba shi hannu irin naka."

"Amin," in ji mutumin, ya kawar da fuska.

Ya bari sai da Mai Faci ya yi nisa, ya goge idonsa da bayan hannu, ya hau ya bi shi. Tun da tsufa ya rikita wa Mai Faci tunani, sau uku ana mayar da shi gida a mota, sau uku yana sake fita, shi ya sa wannan karon mutumin ya ce a bar shi ya isa. Shekara arba'in da bakwai ke nan da Mai Faci ya yi wannan tafiya ya tarar an binne matar, jaririn da ta bari kuwa shi ne wannan mai furfurar da ke taka feda a bayansa.