Duk Ɗaya Ne da Ta Can

Tana tsaye bakin ofishin makarantar, a saman shagon tayoyi, da kular abinci ta ji muryar ɗanta yana ce wa wani dattijo: "Baba, duk ɗaya ne da jami'ar can ƙasar waje. Reshe kawai suka kawo mana gida."

Haka wani mai kwat ya gaya wa mijinta shekarun baya a wannan kujerar, marigayin yana ta gyaɗa kai, hula a gwiwa. Bai ga ranar da ɗansu ya kammala ba. Ita ta ga abin da ya biyo baya. Kullum ta goge wa yaron riga, kullum ya dawo ya zube a tabarma. Duk inda ya nemi aiki sai a tambaye shi, "Ta ainihin, ko ta saman shagon tayoyi?" Sai da wuyan rigar ya koɗe, sannan reshen ya ɗauke shi aikin tarbar iyaye.

Dattijon da ke kujerar ya juyo, 'yarsa a gefe tana murmushi.

"Baiwar Allah, naki ma nan ya yi? Tsakani da Allah, yaya makarantar?"

Ɗanta ya sunkuyar da kai. Ta dubi yarinyar, ta dubi sabuwar rigar ɗanta.

"Nan ya yi," ta ce, ta ajiye kular. "Ya samu aiki."