Kashi Tamanin da Biyar

Sau uku ina sake lissafin, bai canza ba. Shekara shida baya mun ƙirga agwagin daji ɗari huɗu a tafkin, bana sittin. Kashi tamanin da biyar cikin ɗari sun ɓace, don baƙuwar ciyawa ta shaƙe ruwan.

“Da zan kama wanda ya kawo tsiyar nan!” in ji shugabana. “A gurbin asalinta cikin rahoto, rubuta ba a sani ba.”

Na rubuta. Sai ga matata da abincin rana. Ta leƙa hoton ciyawar, fuskarta ta washe.

“Lah, furenmu! Wanda ka yo min tsarabarsa, muka saka a tafki don ya yaɗu kamar soyayyarmu!”

Biro kawai shugabana ya miƙo min, in gyara gurbin asalin.