Littafi Na Uku

"Anti Rahmatu, ba ni labari mai sauƙi, wanda zan karanta a bakin teku ina shan iska," in ji Aziza. Washegari za ta tafi hutu Legas.

Rahmatu ta dube ta. Wannan yarinyar ce ta kusa rufe mata shagon hayar littattafai a Malali. Duk littafin da ta karɓa, sai ta shiga guruf ɗin masu karatu ta tona ƙarshensa. Wa zai yi hayar labarin da ya riga ya san wanda ya mutu?

Ta yi murmushi, ta zaro na ɗaya da na biyu daga ƙasan kanta. "Wannan ba ya ajiyuwa."

Ranar Asabar da hantsi Aziza ta kira, ana jin ƙarar ruwa a bayanta.

"Anti, na biyun ya tsaya daidai inda ta buɗe ƙofa ta ga gawar. Ko abinci na kasa ci. Ki ba direba na ukun."

"Babu na uku, ƙanwata. Marubuciyar ta bar rubutu tun kina firamare."

Rahmatu ta ci gaba:

"Shiga guruf ki faɗa mana yadda ya ƙare. Muna jira."