Wadda Ta Tuna Sansanin

Masaru bai ko kurɓi shayinsa ba ya ɗaga littafin sama. Gajerun labarai ne, in ji shi, na wata Ritsuko Nabata da ke zaune a Toronto, kuma duk wanda bai karanta ba ya cuci kansa.

Tsofaffin garin Steveston ne masu son karatu, suna haɗuwa ran Lahadi a ɗakin bayan gidan ibada. Kusan dukansu suna yara aka kwashe su daga bakin teku lokacin yaƙin duniya na biyu, aka zube su a sansani cikin duwatsu. Tsuyako na ƙarshen tebur tana yanka wainar shinkafa. Tun rasuwar matar Masaru ita ke kai masa miya gida, amma bai taɓa yabon wani abu nata da irin wannan murya ba.

Ya buɗe ya karanta musu ɗaya. Wata yarinya ce ke ɗibo ruwa a kogi cikin ƙanƙara, yatsunta sun tsattsage, sanye da jar rigar da uwarta ta ɗinka mata daga bargo.

"Shuɗiya ce, ba ja ba," in ji Tsuyako ƙasa-ƙasa. Ba wanda ya ji.

Kafin wata ya ƙare kowa ya mallaki nasa. Masu kuka suka yi kuka, wasu suka aika wa jikokinsu. Masaru kuwa har a kantin kifi tare mutane yake yana musu tallar littafin. Da aka nemi ra'ayin Tsuyako, sai ta ce rubutun ya cika ado, kuma sanyin wurin ya fi haka.

Chiyoko, ƙawarta tun ƙuruciya, ta zungure ta da gwiwar hannu. "Kishi kike, Tsuyako? Kwantar da hankalinki, matar tana Toronto, ba za ta ƙwace miki shi ba."

Aka yi dariya. Tsuyako ba ta yi ba. Da ta koma gida ta ɗauko nata kwafin, wanda ya zo mata ta gidan waya tun kafin littafin ya shiga kasuwa, ta mayar da shi bayan kabad ba ta buɗe ba.

Lahadin da ta biyo baya Masaru ya zo da shawara: a gayyato marubuciyar ta karanta musu da bakinta. Tsuyako za ta yi girkin tarbarta, tunda ta fi kowa hannu. Idonsa har ya kawo ruwa. Ya ce shi da ya yi wayo a sansanin ma rabin abin ya ɓace masa, amma wannan baiwar Allah ba abin da ta manta, har ƙarar murhu ta tuna.

Tsuyako ta ajiye wuƙar a hankali, ta goge hannunta.

"Me ta tuna, Masaru? A bakina ta ji komai. Ƙanwata ce. Ranar da aka sallame mu daga sansanin, goye a bayana ta fito, ko haƙori ba ta yi ba."