Hura Nan, Baba

Tun da aka hana hayaƙi shiga birni ban leƙa ba, sai da 'yata Hansatu ta haihu. Kwana uku ina wanke salansar motata, na sake mai da fulogi.

A ƙofar gari ma'aikaciya ta zura tiyo a salansa. Koriyar fitila ta kama.

"Motarka ta tsallake, Baba. Saura kai. Hura nan."

"'Yar nan, ni ba mota ba ne."

"Doka ce, Baba."

Shekara arba'in ina tuƙi, ƙirjina ya sha hayaƙi. Na hura. Jar fitila ta kama.

Wani ya shigar da motar, da ragon sunan da na ɗauko a cikinta. Na zauna a benci cikin tsofaffin direbobi. Ba wanda ya yarda ya yi tari.