Baƙar Ƙasa a Ƙofar Gidan Sodangi

Gonar Sodangi ta gaji. Kowace damina yana zuba mata ƙarfinsa, ita kuma tana sallamarsa da gero mai kai kamar wutsiyar ɓera. Takin zamani ya fi ƙarfinsa. A Sukuntuni kuwa kowa ya san maganin irin wannan gona: a samo ƙasar juji ko ta kufai a zuba mata. Muddin ƙasa ta yi baƙi, an gama magana, taki ce. Haka muka taso muka tarar, kuma ba mai tambayar daga ina ta fito.

Wata ranar kasuwa Sodangi ya shiga Kankia, sai ya ga ana loda wa tifa baƙar ƙasa daga wani tsohon kango a bakin titi. A kangon nan aka daɗe ana fasa tsofaffin baturan mota, ana zubar da ruwansu a ƙasa, ana narka dalmar da ke ciki. Yanzu wani ya sayi wurin zai gina shaguna, ma'aikatan muhalli suka ce sai an kankare ƙasar an kai ta wani rami da aka tanada can nesa da gari an binne. Masu lodin duk sun rufe hanci da baki, sun sa takalman roba. Sodangi ya gan su sarai, amma idonsa na kan ƙasar.

Ya matsa wurin direban tifar, wani matashi mai suna Bishir.

"Ɗan samari, ina za ku kai wanga arziki?"

"Binnewa za a yi, Baba. Wai guba ce."

"Guba? Ƙasar? Kai, yaran zamani! Juye mini ita a ƙofar gida, Allah shi yi maka albarka."

Bishir ya san abin da aka gaya masa. Amma ramin da nisa, hanyar ba kyau, ga shi ba mai binsa ya duba inda ya juye. Sai ya ce wa tsoho ya hau gaba su tafi. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan direba raina ɓaci yake, don shi bai da uzurin rashin sani.

Aka juye ƙasa a ƙofar gida, tana jiran amalanke ta kwashe ta zuwa gona. Sa'a matar Sodangi ta ga tana da laushi, ga tsakar gidanta ruwan bara ya zaizaye, sai ta ɗiba ta cike ta daɓe. A nan take shanya tsaki da kuka. Nan kuma autarsu Rauda, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, take wuni tana wasa. Yaro ƙarami kuwa, duk abin da hannunsa ya taɓa baki zai kai.

Kaji ne suka fara mutuwa.

"Malam, anya ƙasar nan?" in ji Sa'a. "Tun da aka kawo ta kajina ke faɗuwa."

"Ke dai da shegen zargi. Ciwon kaji ne, bana ko'ina haka yake."

Daga nan Rauda ta daina cin abinci. Ta yi ta amai, tana kuka tana riƙe ciki. Tsofaffin mata suka duba bakinta suka ce haƙori ne, aka yi ta ɗura mata jiƙo. Wata safiya Sa'a na daka, sai ta ji yarinyar ta yi wata irin ƙara. Kafin ta ajiye taɓarya Rauda ta sandare, idanu sun kakkafe, jiki na karkarwa.

Daga asibitin Kankia aka tura su Katsina, aka ɗebi jininta. Da sakamako ya fito likita ya kira Sodangi gefe.

"Baba, ana niƙa dutsen zinariya a gidanku? Ko akwai mai fasa batir?"

"Mu manoma ne, likita. Ba mu da..." Sai ya tuna baƙar ƙasar nan. Ya zauna a ƙasa yana salati.

"Dalma ce a jininta, mai yawa," in ji likitan. "Za mu ba ta magani ya fitar da abin da zai fitu. Amma abin da ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwa ba ya gyaruwa."

Ma'aikata suka zo Sukuntuni da tifa. Suka kwashe tulin ƙofar gida, suka fasa daɓen Sa'a, suka kankare tsakar gidan har sai da jar ƙasa ta fito. Tsaki da kukar da aka shanya duk aka haɗa aka tafi da su. Sauran yaran unguwa da suka yi wasa a kan tulin aka gwada jininsu, aka ɗora wasu a kan magani.

Rauda ta rayu. Amma ta dawo gida ba ta gani, ba ta magana, wuyanta ba ya tsayuwa. Sa'a ba ta taɓa ɗora wa mijinta laifi ba, shi kuwa ya fi son ta zage shi. Kullum da hantsi yakan ɗauki yarinyar ya ɗora a cinya, ya yi ta kiran sunanta a hankali ko za ta juyo. Har yau ba ta juyo ba.

Jama'a, ba kowace baƙar ƙasa ce taki ba. Ƙasar da aka kankaro daga inda aka yi aikin batir, ko mai, ko maganin ƙwari, kada ta shiga gonarku ko gidanku, ko da kyauta aka ba ku. Kai kuma da aka damƙa maka ita ka kai rami, ka ji tsoron Allah ka kai ta inda aka ce.